Neman shawara: ina ake gwada lafiyar mota da gaske a Abuja?

Baban Sadiq:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san kan abin ya yi mini bayani filla-filla.

A Mararraba nake zaune, aikina kuma a cikin gari, saboda haka safe da yamma ina kan hanyar AYA zuwa Nyanya. Motata Corolla ce ƙirar 2008 mai lambar Abuja, bara na saye ta hannu na biyu. Watan jiya takardunta suka ƙare, sai na ba wani mutum da ya saba yi wa abokan aikina sabuntawa. Kwana biyu ya kawo mini su cif, har da takardar shaidar lafiyar mota, wadda direbobi ke cewa rodwodi. Alhali duk kwana biyun nan motar tana fake a ƙofar gida, ko bonet ba wanda ya ɗaga. A lokacin ban kawo komai a raina ba, don haka na ga kowa yana yi.

Ranar Talata da yamma ina gangarowa daga wajen barikin Abacha zuwa Kugbo, hanya ta cushe, ina taka birki ina saki, ina takawa ina saki. Can sai na ji ƙafata ta nutse har ƙasa, mota kuwa ba ta ko rage gudu ba. Na yi ta bugun birkin da sauri kafin ya ɗan kama, na haɗa da birkin hannu. Saura ƙiris in shige bayan wata bas. Iyalina tana gaba, yaronmu yana baya. Na samu gefe na tsaya kamar minti 20 jikina yana ɓari. Abin da ya ɗaure mini kai, da na sake tayarwa sai birkin ya dawo daidai kamar ba abin da ya faru. Washegari bakaniken unguwarmu ya duba, ya ƙara man birki, ya ce lafiyarta ƙalau.

Ni dai raina bai kwanta ba. Nan da mako uku zan ɗauki Hajiyarmu da iyali zuwa biki Funtuwa. Ina ne ake gwada mota da na'ura a nan kusa, gwaji na gaskiya? Wajen VIO ne ko wajen 'yan FRSC? Tunda a jihar Nasarawa nake kwana, can zan nema ko Abuja? Me ake tafiya da shi? In motar ta faɗi gwajin, ƙwace ta za su yi?

Direban Zuba:

Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara tsarewa. Wannan gangaren na Kugbo ba abin wasa ba ne, manyan motoci sun sha ƙwacewa a wurin. Kafin maganar neman wurin gwaji, ajiye motar nan tukuna. Ka hau ta haya kwana biyu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Injiniya na Apo:

Baban Sadiq, na fi shekara 20 ina kwanciya ƙarƙashin mota, kuma yadda ka ba da labarin nan ka riga ka faɗi ciwon da bakinka. Birkin da ya shanye a gangare cikin cunkoso, ya dawo da kansa bayan an huta, galibi man birki ne ya tafasa.

Man birki yana shan danshin iska a hankali, ko da ba a buɗe murfin ba. Sabon man birki irin DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai wajen digiri 205, amma in ya sha ruwa, a wajen 140 ma sai ya tafasa. DOT 4 sabo yana kai 230, wanda ya sha ruwa 155. To kai kana gangare, ƙafarka a kan birki, farantin birki ya yi zafi, zafin ya isa ga mai, ruwan da ke ciki ya zama tururi. Tururi kuwa matsuwa yake yi, ba ya tura komai. Shi ya sa ƙafarka ta tafi ƙasa a banza. Da ka tsaya ya huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo. Ciwon yana nan a kwance, jiran wani gangaren yake.

Ƙara mai ba magani ba ne, zuba sabo ne a kan ruɓaɓɓe. Dole a juye tsohon gaba ɗaya ta ƙafafu huɗun, a zuba irin wanda aka rubuta a murfin kofin, a fitar da iska. Ka sayi gwangwani a rufe, ka buɗe da hannunka. Kuma ka tsaya ka ga kalar abin da zai fito. In baƙi ne kamar shayin da ya kwana, to ya shekara da shekaru. In ya yi kumfa kuwa, wani ya taɓa ɗura masa ruwan omo, abin da wasu ke yi in birki ya tsiyaye musu a hanya, daga baya kuma su manta. Shi wannan yana cinye robobin masta ne a hankali, wato famfon da ke tura mai in ka taka birki. Ka'ida dai duk shekara biyu a canza man birki, amma nawa ne cikinmu ke yi?

Kada a tsaya nan. Me ya sa man ya ragu har aka ƙara? Ko dai fad, wato abin da ke kama faranti, ya cinye, ko akwai yoyo. A cire tayoyi huɗun a duba fad da faranti da tiyo. A duba ko akwai ƙafar da ke riƙewa, don kalifa, wato abin da ke matsa fad a kan faranti, in ta maƙale ita kaɗai ta isa ta dafa mai. Gwajin masta kuma kai ma za ka iya: ka tayar da mota a tsaye, ka taka birki ka riƙe da ƙarfi rabin minti. In ka ji yana sulalewa ƙasa a hankali, masta ta tafi.

Ka yi wannan kafin ka je ko'ina.

Baba Mai Ritaya:

Yaro, Allah Ya kiyaye gaba. Na yi aikin duba motoci a wata jiha ta Arewa har na aje, bari in warware maka wanda ke da alhakin me, don mutane da yawa suna cakuɗa su.

FRSC hukumar tarayya ce, an kafa ta a 1988, aikinta kiyaye haɗurra a kan hanya. Za su tare ka su duba taya, fitila, bel, abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku. Lokaci-lokaci ma sukan yi duba kyauta a bakin titi, su rubuta maka abin da suka gani ba tare da tara ba. Amma ba su ne ke ba da takardar lafiyar mota ba. Wannan aikin VIO ne, kuma kowace jiha da nata. Na Abuja sunansu a hukumance DRTS, babban ofishinsu yana Mabushi. Tunda lambarka ta Abuja ce, can ne gidanka, kwananka a Mararraba bai canza komai ba.

Ka je Mabushi da ƙafarka, ka wuce duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa yana cewa "Alhaji me za a yi?", ka shiga ciki wajen mai kaki da suna a ƙirji. Ka ce kana son a gwada motarka da na'ura, wace cibiya ce tasu ta fi kusa da ɓangaren Nyanya da Karu, kuma wane lokaci take aiki. Na fi son ka ji daga bakinsu da in kwatanta maka wuri, domin cibiya takan tashi, na'ura takan lalace, kada ka sha rana a banza.

Ga yadda za ka gane ka zo wurin gaskiya. Za a fara da haɗa lambar casis da ta inji da abin da ke takarda. Sannan a hau da motar kan wasu ƙarafa masu juyawa a ƙasa, a ce a taka birki, na'ura ta auna ƙarfin kamun kowace taya ita kaɗai. Abin da ake nema a nan ba ƙarfin kaɗai ba ne, har da bambancin hagu da dama, don motar da ƙafa ɗaya ta fi kamawa ita ce ke juyawa da mutum in ya taka birki da gudu. Akwai farantin da ke girgiza mota a ga shokozoba, akwai wanda ake bi ta kai a ga ko tayoyi suna jan gefe. A saka na'ura gaban fitila a ga inda haskenta ke sauka, a zura wata a salansa a auna hayaƙi. Daga nan wani ya shiga rami da tocila ya duba ƙasan mota: boljoyin, tayirod, bushin, yoyon mai, tsatsa. A ƙarshe kwamfuta ta fitar da takarda mai lambobi. In ba a yi waɗannan ba, aka tsaya a leƙa ta taga aka ce kunna sigina, to leƙe aka yi, ba gwaji ba.

Maganar ƙwacewa kuma, kwantar da hankalinka. Wanda ya kawo mota da kansa ba mai laifi ba ne. In ta faɗi, takarda za a ba ka mai jerin abin da ya lalace, ka je ka gyara ka dawo. Ka tambaye su tun a nan kwana nawa ne wa'adin dawowa, kuma ko kuɗin farko ya ɗauke gwaji na biyu. Motar gida sau ɗaya ne a shekara, ta haya duk wata shida.

Abin da aka yi maka da takardar nan, ni abin yana ci mini rai. Sa hannu a kanta shaida ce mutum ya bayar cewa ya ga mota da idonsa, ta cancanci ɗaukar rai. A zamaninmu ma akwai masu yi, ba zan ce babu ba. Amma shaidar zur ce, ko an buga mata hatimi goma.

Abu Fatima:

Ni fa ban ga dalilin wannan wahalar ba. Ai tun watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce VIO ba su da ikon tare mota a hanya, ko kama ta, ko cin tara. Takarda kuma tana hannunka. Ka gyara birki wajen Injiniya ka kama hanyarka.

Maman Hibba:

Malam Abu Fatima, hukuncin da ka faɗa gaskiya ne an yi shi, amma a kan tare mutane a titi yake magana. Shi bawan Allah nan ba tsoron tara ya kawo shi ba. Mahaifiyarsa zai ɗauka zuwa Funtuwa.

Baban Sadiq, ni na kai tawa da kaina bara, lokacin maigidan ba ya gari, don haka ga abin da na koya. Ka tafi da sassafe a tsakiyar mako, ka guji Litinin da Juma'a. Ka ɗauki takardun asali, ba hoto kaɗai ba: lasin mota, shaidar mallaka, inshora, da lasin tuƙinka. Ka kwashe tarkacen da ke but, ka bar safaya taya da jak da sifana da abin kashe gobara da alamar kusurwa uku. Abin kashe gobarar ka duba allurarsa tana kan kore, nawa ashe ya daɗe da hucewa ban sani ba. A wanke motar har ƙasanta, don mai shiga rami ba ya ganin yoyo a cikin laka. Kuɗi kuma ka biya ta hanyar da ofis ya nuna maka, ka karɓi rasit. Duk wanda ya ce ka ba shi a hannu zai "taimaka" ta wuce, ka ce masa ka gode. Kai da kake neman a faɗa maka gaskiyar motarka, me za ka yi da mai rufe ta?

Tun da daddare ka sa wani ya tsaya bayan mota ka gwada fitilun birki, sigina, ribas da fitilar lamba. Ka gwada oda da waifa. Ni ƙwan fitila ɗaya ne ya sa na yi sawu biyu.

Wani abu kuma, tunda ta hannun ɗan kamasho takardun suka fito, ka bincika inshorar. Tun Janairun 2023 inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. In ya ce maka ya yi ta a ƙasa da haka, akwai magana. Ka shiga rumbun bayanan inshora na NIID a intanet ka saka lambar motarka, in ta gaskiya ce za ta fito da sunan kamfani da ranar ƙarewa.

Injiniya na Apo:

Baba Mai Ritaya, da girmanka, ina da ƙari kan maganarka, ba musu ba ne. Na'urar nan tana auna birki ne a sanyi, na 'yan daƙiƙoƙi. Motar Baban Sadiq yadda take yau, in ya kai ta da safe, tana iya cinye gwajin birki tsaf, domin man bai yi zafi ba. Sai ya fito da takarda mai kyau, ya je gangaren farko ya sake gamuwa da abin da ya gamu da shi. Kada ya ɗauka na'ura ta wanke masa komai.

Baba Mai Ritaya:

Gaskiyarka Injiniya, kuma na ji daɗi da ka faɗa. Na'ura ba ta san shekarun mai ba. Amma kai ma ka san akwai abin da hannunka ba zai auna ba. Ka gama ɗaura fad sabo, ka zagaya layi ka taka, ka ce ya yi. Za ka iya rantsuwa cewa ƙafar baya ta hagu tana kamawa daidai da ta dama? Na sha ganin mota ta fito daga gareji mai kyau, ta hau na'ura, a tarar ƙafa ɗaya ta baya ba ta aikin komai. Shi ya sa tsarin shi ne gareji tukuna, sannan na'ura ta duba aikin gareji. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Injiniya na Apo:

Na yarda da wannan, Baba. Ni kaina in kwastoma ya dawo mini da takardar na'ura, aikina ya fi sauƙi, ba lalube.

Direban Zuba:

Kun yi maganar birki, ku bar ni da taya, don mu 'yan hanyar Kaduna ita ce ke kashe mu. Baban Sadiq, ka tsuguna gefen kowace taya ka nemi inda aka rubuta DOT. A ƙarshen layin akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. 'Yan FRSC shekara huɗu suke lissafa wa taya daga ranar da aka yi ta. Tayar Kwatano, wato ta hannu, za ka gan ta da zane raɗau kamar sabuwa, amma ta shekara takwas, robar ta bushe. Ka ɗauko zafin kwalta na tsakar rana tsakanin Kaduna da Zariya, ga kaya, ga gudu, sai dai ka ji fam.

Ka duba zanen ma. A cikin ramin zanen akwai wasu 'yan tudu da aka yi musamman, in saman taya ya zo daidai da su, ta suɗe, wato saura milimita 1.6. Ka shafa gefe ka ji ko akwai ƙullutu ko tsagewa. Sannan iska: a jikin ginshiƙin ƙofar direba akwai takarda da kamfani ya manna, ita za ka bi. Irin motarka wajen 30 zuwa 32 ne. Masu faci da yawa in ba ka yi magana ba 45 ko 50 za su ɗura maka, wai don ta yi ƙarfi. A auna da safe kafin taya ta yi zafi. Safaya ma a auna ta.

In kana gangare kuma, ka daina kwantar da ƙafa a kan birki tun daga sama har ƙasa. Ka sauko da giya, ko otomatik ce akwai 2 da L, inji ya riƙe maka mota.

Ɗan Agege:

Mu nan Legas tun Janairun 2022 gwamnati ta ce ba gwaji, ba takarda. In ka biya kuɗin sabuntawa sai a ba ka takardar turawa, ka kai motar ɗaya daga cikin cibiyoyin gwajin mota na LACVIS, sai ta ci sannan takardar lafiya ta fito. Da farko mun yi ta ƙorafi saboda layi. Ni a nan aka gano mini tayirod ɗina saura kaɗan ya fita, ga shi ina shirin tafiya Kano da ita.

Shawarata ɗaya: tunda hannu na biyu ka saya, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka kalli dashbod. Fitilar ABS da ta jakar iska da ta inji dole su kama, sannan su mutu bayan ka tayar. In akwai wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne ko an liƙe don kada mai saye ya ga matsala.

Malam na Jidda:

Nan Saudiyya gwajin mota fahas ake ce masa, kuma ba a sabunta istimara, wato takardar mota, sai da shi. 'Yan uwanmu direbobi a nan kowa ya san kafin ranar fahas zai kai mota a duba birki da taya da fitila. Mutanenmu ne dai, in tsari ya tsaya suna bi.

Yaya Hauwa:

Ban san komai a kan inji ba, ƙanina, amma na san abin da taya ɗaya ta yi wa gidanmu. Ƙanen maigidana ya taso daga Kaduna da iyalinsa, tayar baya ta fashe kafin Jaji. Takardunsa duk sababbi ne, muna da su har yanzu a cikin jakar da aka kawo mana. Shi da 'yarsa ba su dawo ba. Don Allah in kuɗin gyara bai isa ba kafin bikin, ku hau jirgin ƙasa daga Idu ko Kubwa zuwa Rigasa, ku ƙarasa a mota. Hajiya ba za ta yi fushi ba in ka faɗa mata dalili.

Baban Sadiq:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Hauwa, Allah Ya jiƙansu, Ya sa Aljanna ce makoma. Na gode ƙwarai da kika faɗa mana.

Jama'a na gode, Allah Ya saka da alheri. Na bari sai da na yi abin da kuka ce sannan in dawo da bayani.

Na ajiye motar kamar yadda Direban Zuba ya ce. Ranar Asabar na kira wani bakanike ya zo har gida. Man da ya fito baƙi ƙirin ne, Injiniya, kamar kana wurin. Kalifar gaba ta dama a maƙale take, fad ɗin wannan ɓangaren ya cinye har ƙarfe, na hagu kuwa da sauransa. An gyara kalifar, an sa fad sabo gaba biyu, an juye mai duka. Masta lafiyarta ƙalau, na riƙe birki bai sulale ba.

Ranar Laraba na je Mabushi, na yi yadda Baba ya ce, aka kwatanta mini cibiya, na kai ta washegari da sassafe. Tun daga shiga layi har fitowa bai kai awa biyu ba. Birkin gaba ya ci. Na baya ne ya faɗi: hagu tana kamawa, dama kusan babu, birkin hannu ma haka. Wato maganar Baba ta tabbata, don bakaniken ya zagaya da motar ya ce komai ya yi. Sun kuma rubuta fitilar hagu tana haska sama, da bushin ɗaya da ya tsage. Ba wanda ya yi maganar ƙwace mota. Na koma gareji, aka buɗe ƙafar bayan, ashe mai yana tsiyaya a ciki ya jiƙa takalmin birkin, nan ne man ke raguwa. An canza, jibi zan mayar da ita gwaji na biyu.

Maman Hibba, na saka lambata a NIID, ba ta fito ba. Na je na yi sabuwar inshora da kaina a ofishin kamfani, yanzu ta fito. Na kuma sanar da abokan aikina su duba nasu, ba tare da na tozarta kowa ba.

Saura taya. Na gaba biyu 3122 ne, na baya ɗaya 1417, ɗaya 4016, safaya kuwa lambar ma ta goge. Bayan wannan gyaran, kuɗin da ya rage mini na taya biyu ne sababbi, ko huɗu 'yan Kwatano. Wanne zan yi? In biyun ne, gaba zan sa su ko baya?

Direban Zuba:

Sababbi biyu, kada ka ko kalli 'yan Kwatanon. Ka duba lambar da idonka kafin ka biya, don akwai sabuwar da ta shekara uku a shago.

Injiniya na Apo:

Sababbi biyu, kuma a baya za a sa su, na 2022 su zauna a gaba inda suke. Na san masu faci za su ce maka gaba, tunda can inji da sitiyari suke. Amma in gaba ta zame kana jinta a hannunka, kana iya gyarawa. In baya ta zame ko ta fashe da gudu, juyawa motar take yi, sitiyari ba ya ceto. Cikin tsofaffin biyun ka zaɓi ta 2017 in ba ta da ƙullutu ko tsagewa ta zama safaya na ɗan lokaci, wadda za ta kai ka wurin mai faci kawai, ba ta tafiya ba. Ta 2016 da tsohuwar safayar ka sa a yanka gefensu a gabanka, don kada a wanke su a sayar wa wani.

A sa tayoyin, a yi balansin da alaimen bayan an canza bushin, sannan ka koma gwaji na biyu, domin na'urar ta auna motar yadda za ta hau hanya. Na gaban kuma ka fara tara kuɗinsu tun yanzu, su ma lokacinsu ya ƙarato.

Baba Mai Ritaya:

Haka ne. In ka karɓi takardar gwaji na biyu, ka ɗauki hoton lambobin birkin baya ka turo mini, hagu da dama, in duba maka kafin ka ɗauki Hajiya.